Yadda Za Ka Bi Sawun Allurar Rigakafi Daga Alkawari Zuwa Damtse

Wannan rubutu na ƙannena ne da ke shigowa aikin jarida, musamman waɗanda aka ɗora a kan labaran lafiya a gidajen rediyo, da kuma duk wanda ke zama a kwamitin lafiya na mazaɓarsa. Lokacin korona ina gabatar da shirin lafiya a wani gidan rediyo a Kano, kuma babu abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kamar in ji ana karanta takardar manema labarai yadda ta zo: an bai wa Afirka allura miliyan kaza, madalla, sai labari na gaba. Allah Ya raba mu da wata annobar, amma in ta zo, irin waɗannan takardu za su sake cika mana waya. Ga abin da za ka yi da su.

Raba lambobin tukuna

Duk adadin da aka faɗa maka, ka fara sanin wane iri ne. Akwai wanda shugaba ya yi alkawari a gaban kyamara, akwai wanda aka sa hannu a takardar cinikinsa, akwai wanda ya sauka a filin jirgi, akwai kuma wanda ya shiga damtsen mutum. Masu rubuta sanarwa sun fi son na farko don shi ya fi girma. Kai na ƙarshe kake nema.

Shirin COVAX na raba rigakafin korona ya ishe ka misali. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin Gavi da CEPI masu harkar rigakafi ne suka kafa shi a 2020, UNICEF na dakon kaya, da nufin ƙasashe su haɗu su sayi rigakafi tare, a kuma tallafa wa ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi. An ce za a raba allura biliyan 2 kafin ƙarshen 2021. Biliyan ɗaya ma bai cika ba sai tsakiyar Janairun 2022. Daga baya an kusa cika biyun kafin a rufe shirin a ƙarshen 2023, sai dai a lokacin nau'in korona na Delta ya riga ya yi ɓarnarsa ya wuce.

Sannan ka ɗauki biro ka yi rabawa, ko da edita na tsaye a kanka yana duba agogo. Ranar 2 ga Maris 2021 jirgi ya sauka a Abuja da allurar AstraZeneca kusan miliyan 4, manya suka yi cincirindo a filin jirgi. Sau biyu ake yi wa mutum ita, ka ga ta mutum ƙasa da miliyan 2 ke nan, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Abin da za ka faɗa wa mai sauraro shi ne, a cikin kowane mutum ɗari, ko na mutum ɗaya bai cika ba. Wannan ya fi "kusan miliyan 4" shiga kunne, kuma duk gaskiya ce.

Jera ranaku kusa da juna

Inda rashin adalci ya fi ɓuya shi ne a kwanan wata, don haka ka buɗe shafi guda a littafinka ka raba shi biyu, nasu da namu. Ranar 8 ga Disamba 2020 aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 allura a Ingila. Kayan COVAX na farko a duniya bai sauka ba sai 24 ga Fabrairu 2021, a Ghana, guda 600,000. A Najeriya ranar 5 ga Maris aka yi wa mutum na farko, wani likita a Abuja. A tsakanin nan, ranar 18 ga Janairu, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya Tedros Ghebreyesus ya ce an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe 49 masu hali, a wata ƙasa matalauciya kuwa guda 25 kacal aka yi. Kafin shekarar ta ƙare masu hali sun shiga zagaye na uku, alhali a Najeriya waɗanda suka kammala nasu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, ga shi hukumar ta sa burin kashi 40 ga kowace ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun a 2020, kafin a san wace allura za ta yi aiki, ƙasashe masu kuɗi suka bi kamfanoni suka biya, kamar yadda attajiri ke saye hatsi tun yana gona, sai talaka ya zo kasuwa da kaka ya tarar an kwashe. Kanada ta kama abin da zai ishi mutanenta wajen sau biyar. COVAX kuwa a lokacin yana yawon neman gudummawa ne. Saboda haka in ka samu minista ko kwamishina, bar tambayar "guda nawa muke sa rai", ya haddace amsarta tun a mota. Ka ce, "Ranka ya daɗe, wace rana aka sa hannu, wace rana aka biya, kuma mu na nawa ne a layin kamfanin?"

Abin ba a kan korona ya fara ba, bai kuma tsaya nan ba. Haka aka yi da murar aladu a 2009. Ƙyandar biri tana Najeriya tun 2017, amma da ta shiga Turai da Amurka a 2022 can aka yi ta allura, mu sai a ƙarshen Agustan 2024 aka kawo mana guda 10,000, kuma wai mu ne farkon samu a Afirka.

Ka kuma binciki masana'antar da kayan ke fitowa. Kusan duk abin da COVAX ya dogara da shi a farko daga kamfani guda ne, Serum Institute na Indiya. Da Delta ya turnuƙe Indiya a Maris da Afrilun 2021, gwamnatinsu ta tsayar da fitar da rigakafi, ba a dawo da aiko wa COVAX ba sai ƙarshen Nuwamba. Shi ya sa a Afrilu aka umarci jihohinmu su dakatar da allurar farko da zarar sun ci rabin kasonsu, a ajiye sauran don zagaye na biyu. Ni ban ga laifin Indiya sosai ba, gawarwaki suke ƙonawa dare da rana. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne labarin da ya fito a Agustan shekarar, cewa allurar Johnson & Johnson da ake ɗurawa a kwalba a masana'antar Aspen ta Afirka ta Kudu, Turai ake lodinta.

Tashi ka je ɗakin sanyi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne 'yan jarida suka fi ƙyuyar zuwa. Kowace jiha na da babban ɗakin sanyi, kowace ƙaramar hukuma na da nata ƙarami, galibi wani ɗaki ne a bayan sashen lafiya mai firji biyu ko uku da tarin kuloli.

Kada ka shiga da makirufo a gaba. Nemi izini daga sama, in ka je ka yi sallama ka ce, "Malam, sannu da aiki, na zo in ga yadda kuke fama ne." Jami'in ɗakin sanyi ƙaramin ma'aikaci ne, in ka sa muryarsa a iska kai ka tafi gida, shi ka bar shi da takardar tuhuma. Muryar da za ka naɗa ta mai magana da yawun hukuma ce. A wurin Malam ido kake buƙata da biro.

Fara da jikin kwali. Akwai lambar rukuni, akwai ranar ƙarewar wa'adi. Sai ka roƙi ganin littafin shiga da fita, ka duba ranar da kwalin ya iso. Ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne ainihin kyautar da aka ba mu. Allurar AstraZeneca wata shida ne duk rayuwarta daga masana'anta. In ta yi wata huɗu ko biyar a ma'ajiyar wata ƙasa ana jiran a ga ko za a buƙace ta, sannan aka tuna da mu, to saura makonni. A cikin makonnin nan za a sauke ta, NAFDAC ta duba, a kai babbar ma'ajiya a Abuja, a raba wa jihohi, jiha ta nemi mota da mai, ƙaramar hukuma ta jira, sannan wani ya ɗaura kula a bayan babur ya nufi ƙauye. Na taɓa tsayawa a ɗakin sanyin wata ƙaramar hukuma aka buɗe kwalin da ya iso a makon, jami'in ya duba kwanan wata, ya ƙirga a yatsunsa, ya ce, "To, Allah Ya ba mu iko," don kwanakin da suka rage ba za su ishe shi zagaya mazaɓunsa ba.

In ka san wannan, za ka iya fassara hoton da duniya ta gani ranar 22 ga Disamba 2021, lokacin da katafila ta bi ta kan allura 1,066,214 a juji a Abuja. Masu kallo daga waje suka ce an ba su sun kasa amfani da ita. Shugaban hukumar lafiya a matakin farko na lokacin, Dakta Faisal Shuaib, ya bayyana cewa an karɓe ta ne da sanin wa'adinta gajere ne saboda babu wata, kuma ba za a sake karɓar irinta ba. Malawi ma ta ƙona guda 19,610 a watan Mayu, daga kayan da suka iso mata saura ƙasa da mako uku, bayan ta yi ƙoƙari ta yi amfani da mafi yawansu. Abin ya kai a ƙarshen Nuwamban 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Afirka da COVAX da asusun sayen rigakafi na Tarayyar Afirka suka fitar da sanarwa tare: duk mai ba da kyauta ya tabbatar saura aƙalla mako 10 ranar da ta sauka, ya sanar mako 4 kafin nan, ya kuma haɗo da kayan aiki. Riƙe waɗannan lambobi biyu, 10 da 4, su ne ma'auninka.

Kayan aikin nan kada ka raina su. Tambayi Malam ko sirinji ya zo tare da kwalaben. Ta Pfizer sai da sirinji na musamman mai ɗaukar 0.3 na mililita, da ruwan da ake sirka ta da shi, kuma a farko sai firjin da ke kai digiri 70 ƙasa da sifili, wanda ba a ko'ina ake da shi ba. Ta AstraZeneca digiri 2 zuwa 8 take so, daidai da rigakafin yara, shi ya sa ta fi dacewa da firjinmu mai sola. Tambayi akwatin zubar da allura, da katin shaida, da kuɗin man babur, da alawus ɗin masu yi. Nan kuma za ka fara cin karo da laifinmu na gida, kada ka kau da kai: akwai inda kwalabe suka zauna lafiya lau a firji saboda ba a saki kuɗin fita ba, akwai inda babban mutum ya aiko a zo gida a yi wa iyalinsa da direbansa kafin ma'aikatan jinya. Abin da Turai ta yi wa Afirka, birni na iya yi wa ƙauye, ƙauye ya yi wa rugar Fulani da sansanin 'yan gudun hijira. Nemi takardar rabon jiha, ka kwatanta kason ƙananan hukumomin cikin birni da na nesa bisa yawan jama'arsu.

A ƙofar firji akwai takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma. Duba ta da kyau. In ka ga wata guda cur biro ɗaya, hannu ɗaya, lamba ɗaya, har ranakun Lahadi da na Sallah, to ka san a zama guda aka cike ta. Wannan na da muhimmanci domin yawancin allurar korona ta zo babu 'yar alamar nan da ka sani a jikin kwalbar ɗigon shan inna, ɗan murabba'i a cikin da'ira wanda ke yin duhu in zafi ya taɓa maganin. In babu ita, takardar ƙofar firji ce kaɗai shaidarka.

Daga nan bi kula ɗaya har asibitin ƙauye ka zauna a benci. Kwalbar AstraZeneca ta mutum goma ce, in an buɗe ta kuma awa shida ne, sai a zubar. Ga mutum uku a zaune, rana ta take. Malamar asibiti ko dai ta buɗe ta yi asarar bakwai, a zo ana tuhumarta, ko ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ka dawo ranar kasuwa in mutane sun taru." Baba ya biya ɗan acaɓa ya zo, ba lallai ya sake biya ba. A rahoton da zai isa Abuja, daga can ya wuce Janeba, hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, Baba na cikin waɗanda ba a yi wa ba, kuma wani zai tashi a taro ya ce mutanen Arewa ne ba sa so.

In an ce maka mutane ne suka ƙi

Akwai masu ƙi, ba na musu, na sha amsa wayarsu a shiri kai tsaye. Amma kafin ka yarda da wannan bayani ka tabbatar allurar ta je wurin, tana nan ranar da mutumin ya zo, kuma an gaya masa da harshen da yake ji ta bakin wanda ya yarda da shi. In ɗaya ya faɗi, ba ƙi ba ne.

In kuma ƙin ne da gaske, kada ka yi wa mutum kallon jahili. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Magani ne ba rigakafi ba, amma tsohuwar da ta ga abin da idonta ba ta raba su. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan inna kusan shekara guda, sai a 2004 aka dawo da wanda aka sayo daga Indonesiya. Waɗannan mutanen dai, da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida suka shiga aikin, su ne suka miƙa 'ya'yansu har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali a Agustan 2020. A lokacin korona kuma ga abin da ya ƙara dagula lissafi: da Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar tafiya a tsakiyar 2021, ba ta sa AstraZeneca ɗin Indiya a ciki ba da farko, wato wadda aka kawo mana. Wani dattijo ya bugo mini waya ya ce, "Ɗana, in mai kyau ce, don me su ba su yarda da ita ba?" Amsar ita ce matsalar rajista ce, allurar iri ɗaya ce, kuma haka na gaya masa. Amma tambayarsa ta mai hankali ce.

Farashi da takardar ciniki

Tambayi nawa aka saya, ka kwatanta. Afirka ta Kudu ta biya sama da dala 5 a kan kowace allurar AstraZeneca, Tarayyar Turai kuwa dala 2 da 'yan kai, kuma ba a san farashin na Turai ba sai da wata ministar Beljiyam ta wallafa jerin a Twitter bisa kuskure. A 2023 sai da wata ƙungiya ta kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kafin aka fito da takardun cinikin. A Najeriya kana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa. Rubuta, ka karɓi hatimin shaidar an karɓa a kwafinka. Ko ba su amsa ba, shirun ma labari ne. Ka kuma bambance kyauta da bashi: a 2021 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya rancen dala miliyan 400 don sayen rigakafi da rarraba shi, jikokinmu na da hannu a biyan wannan.

Aikin da ake yi kafin annoba ta zo

In ka jira sai an fara rufe iyakoki, ka makara. Abu biyu za ka sa wa ido yanzu.

Na farko yarjejeniyar annoba da ƙasashe suka amince da ita a Janeba ranar 20 ga Mayu 2025. Cinikin da ke cikinta shi ne ƙasashe su riƙa ba da samfurin ƙwayar cuta da wuri, kamfanonin da suka shiga tsarin kuma su ware wa Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 20 cikin 100 na abin da suke haɗawa a lokacin da suke haɗa shi, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Rigimar tsohuwa ce. A 2007 Indonesiya ta daina ba da samfurin murar tsuntsaye saboda ana haɗa rigakafi da shi a sayar a kuɗin da ba za ta iya ba. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya nau'in korona na Omicron, tukuicinsu shi ne hana jiragensu sauka, har Birtaniya ta sa Najeriya a jerin a Disamba. Ranar da aka amince da yarjejeniyar an bar bayanin yadda wannan rabo zai gudana sai an ƙara zama, Amurka ba ta ciki, kuma ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a gida. Duk lokacin da ka samu ministan lafiya, na Najeriya ko na Nijar, tambaye shi inda aka kwana. Kada kuma ka ɗauka sa hannu ya gama magana: Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine haƙƙin mallakar fasahar korona a Oktoban 2020, Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ba ta yanke ba sai Yunin 2022, abin da ya fito kuma guntu ne.

Na biyu masana'anta. Afirka na shigo da kusan kashi 99 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, Tarayyar Afirka kuma ta ce tana son haɗa kashi 60 a gida kafin 2040. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Cibiyar Pasteur ta Dakar na haɗa rigakafin shawara tun shekarun 1930, ɗakin gwaji na Yaba a Legas ya yi ta haɗawa har aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, a Vom kusa da Jos kuwa har gobe ana haɗa na dabbobi. Mun kuma ga abin da ke yiwuwa in an fara da tambayar abin da talaka zai iya biya: rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, da aka haɗa shi musamman don yankinmu a ƙasa da rabin dala, an fara shi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya kusa shafe nau'in da ke kashe mana yara duk bazara.

Sai dai gini kaɗai ba ya riƙe masana'anta. Aspen ta samu lasisin sayar da allurar korona da sunanta, aka yi ta murna, amma a 2022 ta fito ta ce ko oda ɗaya ba ta samu ba, domin masu saya wa Afirka sun riga sun ƙulla ciniki a wasu wurare. Don haka ranar da aka gayyace ka aza harsashin masana'antar rigakafi, ka bar sauran su ɗauki hoton shebur. Kai ka matsa kusa ka ce, "Ranka ya daɗe, wa ya yi alkawarin saye, guda nawa a shekara, a kan nawa, kuma wane rigakafin yara za ta riƙa haɗawa a shekarun da babu annoba?" In ya ce an kafa kwamiti, tambaye shi ranar da kwamitin zai miƙa rahoto, ka rubuta ta a gabansa, ranar kuma ka kira ofishinsa.